Tagar da Iska Ta Bari, Kwamiti Ya Kafe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Agajin Ɓarnar Iska na yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, kafin in ce komai ina neman afuwa da na janye hankalinka daga manyan ayyuka zuwa kan maganar taga guda ɗaya. Na san mutumin da aka ɗora wa nauyin ƙauyuka tun daga wajen Kura har Bunkure bai kamata a tsayar da shi a kan katako huɗu da 'yan ƙusoshi ba. Na daɗe ina juya abin a raina. To amma katakon naku ne, ƙusoshin ma naku ne, tagar ce kaɗai tamu, shi ya sa ban ga wanda zan nufa ba sai kai. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Yaya aiki, yaya damina, yaya haƙuri da jama'a? Allah Ya taya ku riƙo.

Sunana Saude. Ina zaune a unguwar bayan kanal ɗin ruwan noman rani, gida na uku in an wuce kwalbati. Yanzu ma ba a shan wahalar kwatancensa, domin ma'aikatanka sun rubuta masa lamba goma sha bakwai da jan fenti, ƙatuwa, yadda ko mai babur da ke gudu zai karanta. Sana'ata turara shinkafa. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan. Mu huɗu ne a gidan: ni, da ɗana, wanda za ka yi mini uzurin rashin ambaton sunansa domin na fari ne, da matarsa Rabi, sai mahaifiyata, wadda kowa ke ce wa Inna. Saboda ita na yi wannan rubutu.

Sau biyu na aiko maka da takarda a rufe cikin ambulan, ban samu amsa ba. Ban zargi kowa ba. Na dai lura kwamitinku ya fi ƙwarewa a rufewa a kan buɗewa, sai na ce bari wannan karon in aiko da ita a buɗe, in hutar da ku.

Na farko, godiya.

Kowa ya san abin da iskar nan ta yi ranar da ta taso gaban ruwan farko na bana, tsakanin azahar da la'asar. Ta yaye kwanon gidaje kamar ana ɓare albasa, ta kwashe tampol ɗin shanyarmu ta kai gonar wani, ta karya darbejiyar bakin masallaci. A gidanmu ta ɓalle tagar ɗakina da ta ɗakin ɗana, ta kuma tsinke ƙyauren ɗakin da nake ajiye shinkafa. Duka ukun tsakar gida suke kallo, ba a ganinsu daga titi. Washegari mai unguwa ya zagayo da takarda, ya tambaye ni na faɗa masa, ya rubuta: taga biyu, ƙofa ɗaya. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Kwana biyu tsakani sai ga mota da katako da kafintoci. Aka ce za a kafe duk inda ya ɓalle na wucin gadi, sati biyu kawai, kafin sababbin tagogi su iso. Ba ni da yawan rantsuwa, amma tun da nake ban taɓa ganin agaji ya yi sauri haka ba, mu da muka saba taki ya iso bayan an kai shinkafa inji. Katakon kuma mai kauri ne, ƙusoshin dogaye, an buga su da tsoron Allah. Duk wanda ya ce an yi ha'inci a aikin nan ya zo gidanmu in nuna masa shaida. Na ji ka a rediyo kana cewa babu gidan da aka bari a buɗe. Ni mai ba da shaida ce cewa kun ma wuce nan, har wanda bai nemi a rufe shi ba an rufe.

Na biyu, in gaya maka wace ce Inna, da abin da tagarta take a wurinta, don kada ka ce tsohuwa ce kawai da rigima.

Inna ta haura tamanin, gwargwadon lissafinta na damina. Kunnenta ya tafi da daɗewa. Ko lasifikar masallacin bayanmu, wadda ke tashin jarirai daga barci, ba ta ji, sai an manna baki a kunnenta take ɗan tsintar magana. Ƙafafunta tun da ta zame a bakin rijiya ba sa ɗaukarta, a zaune take salla. Ido kaɗai ya rage mata, shi ma na rabe haske da duhu ne, da gane fuskar wanda ya matso kusa.

Lokacin da ta dawo wurinmu, marigayi ya ba ta ɗakin da ke jikin titi. Ɗaki ne mai sanyi, sai dai ƙofarsa a wani lungu take bayan zaure, rana ba ta leƙa ta. Sai ya kira magini ya fasa mata taga ta yamma, aka sa ƙyaure mai sakata, mai buɗewa ta ciki. Da wannan tagar Inna take sanin lokacin salla. In rana ta karkata, haske ya sauko ya taɓa bakin tabarma, azahar ta yi. In ya rarrafa ya kai ƙafar gado, la'asar ke nan. In ya hau bango ya kai ƙusar da take rataye carbi, ya yi ja, sai ta ce a miƙo mata buta. Damina da rani tana da gyaran da take yi a ranta, domin ta ce rana ma gona biyu gare ta kamar mutanen garin nan, ta damina daban ta rani daban. Shekara goma sha ɗaya a haka. Ladan ya sha makara, tagar Inna ba ta taɓa yi ba. Ni kaina in ina tantama ɗakinta nake leƙawa.

Ta nan kuma take ganin gilmawar duniya, ko da dishi-dishi ne. Masu tafiya dashen shinkafa, masu kwandunan tumatir da ke nufar garin Kadawa, mata masu dawowa daga inji, ta ɗaga musu hannu su ɗaga mata. Akwai wata Bafulatana mai nono, Dije, da ba ta taɓa shigowa ta ƙofa ba, ta tagar take miƙo mata ludayi biyu su yi hirarsu da hannu.

Ranar iskar, Inna ta ji ƙamshin ruwa tun ba mu ga hadari ba, ta sa Rabi ta rufe ta danna sakata. A duk gidan tagarta ce kaɗai ta fita lafiya, ko ƙwarzane babu.

Na uku, ranar aiki.

Da motarku ta iso ina filin shanya, ina tattara abin da iska ta bar mini. Ɗana yana gona. Rabi ce a gida da Inna, ita kuwa ko shekara ba ta yi da tarewa ba. Ma'aikatanka, kafinta biyu da wani mai riƙe da takarda, suka tsaya a ƙofar zaure suka yi sallama, ta amsa daga ciki. Suka ce maigida na nan? Ta ce ba ya nan. Suka ce babbar gidan fa? Ta ce ta tafi shanya. Sai mai takardar ya ce, yadda maƙwabta suka jiyo: “To mu ba ma shiga gidan matan aure ba namiji. Mu yi daga waje.”

A nan dole in yaba, ranka ya daɗe. A zamanin nan da kunya ta yi ƙaranci, a samu samari masu irin wannan tarbiyya abin alfahari ne, Allah Ya yi wa iyayensu albarka. Suka zagaya gidan ta waje. Takarda ta ce taga biyu, ƙofa ɗaya. Da ikon Allah, in ka zagaya gidanmu ta waje, ban da ƙofar zaure, ga abin da za ka gani: tagar Inna, da 'yar kafar da hayaƙin ɗakin girki ke fita, da ƙofar baya da awaki ke bi. Taga biyu, ƙofa ɗaya. Lissafi ya fita cif. Tagar Inna a buɗe take a lokacin, ƙyaurenta na ciki, saboda haka daga waje rami kawai ake gani. Da sun leƙa da sun ga ƙyauren lafiyarsa ƙalau, da sun ga tsohuwa a zaune. Amma mai tarbiyya ba ya leƙa ɗakin mutane. Suka kawar da kai, suka kafe ukun, suka shafa lamba, suka ɗauki hoto, suka wuce gida na sha takwas.

Na tambayi Rabi me ya hana ta magana da ta ji bugun guduma. Ta ce: “Umma, ta yaya zan leƙa in ce wa maza ba nan ba ne? Ai da takarda suka zo, na ɗauka sun fi ni sani.” Ban yi mata faɗa ba. Kunyarsu da kunyarta ne suka haɗu, tagar tsohuwa ta shiga tsakani.

Ita Inna tana zaune da carbinta tana jiran haske ya kai ƙafar gado. Ba ta ji guduma ba. Gani kawai ta yi hasken ya ragu, ya sake raguwa, ya rage kamar faɗin tafi, sai ɗif. Ta ce da farko ta ɗauka idon ne ya bi kunnen. Da ta ji ƙasa na zubo mata daga bango, sai ta ce a'a, tafiyar ce ta zo. Ba ta yi ihu ba. Ta yi shahada, ta gyara zaninta, ta kwanta ta gefen dama ta fuskanci gabas, don kada ta ba masu wanka wahala. A haka na same ta da na dawo. Da na taɓa ta, ta laluba fuskata ta ce: “Saude? Ashe ke ma kin taho? To wa kika bar wa shinkafar a wuta?”

Mutane suna dariya in na ba da labarin nan. Ni ma nakan yi, amma ba a gabanta ba.

Da ta dawo hayyacinta ta tambaye ni wa ta yi wa laifi. Na kai bakina kunnenta na ce ba laifi ba ne, taimako ne aka kawo mana. Ta ce: “To a gode musu. Yaushe za su zo su ɗauki taimakonsu?” Tambayar ke nan da na kasa amsawa har yau.

Na huɗu, halin da ake ciki.

Sati biyun da aka ce yau ya zama wata uku. Tagogin da suka ɓalle suna nan a hangame. Duk ruwan da aka yi bana ya shigo ya gaishe mu har kan gado, mun tare su da buhu da leda. Hayaƙin girki, da ya rasa hanya, yanzu tare muke zama da shi. Awaki ta zaure suke shiga da fita kamar baƙin maigida. Duk waɗannan na yafe, ba ƙararsu na kawo ba.

Inna ce ban san yadda zan yi da ita ba. Mun sa mata fitila mai caji, ta dube ta kwana biyu ta ce: “Wannan hasken naku ai ba ya tafiya.” Ɗana ya sayo agogon bango a Kura, ya zauna yana nuna mata hannayensa, ta ce: “Shi kuma wa yake gaya masa?” In na shiga na nuna mata da yatsu cewa azahar ta yi, sai ta yi. Bayan na fita kokwanto ya kama ta, ko na yi gaggawa don in koma kan tukwanena, ko Rabi ta ruɗe, sai ta sake. Akwai ranar da ta yi azahar sau uku. Akwai ranar da ta farka daga barcin hantsi ta yi la'asar, da ta gane ta yi kukan da ban ga ta yi ba ko ranar rasuwar mahaifina. Malamai sun ce ba laifi a kanta, na kuma gaya mata. Ta ce ita ba laifin ne ya dame ta ba. Tun tana 'yar shekara bakwai ba wanda ya taɓa ce mata tashi ki yi salla, yau ga ta ana tashinta kamar yarinya.

Za a ce a fito da ita tsakar gida. Mun gwada. Sai mutum biyu sun ɗauke ta, ga ruwa, ga hayaƙin turara da ke tayar mata da tari, ta ce kada a ƙara cicciɓarta kamar buhu. Za a ce a canja mata ɗaki. Ɗakunan da suka rage su ne masu ɓallallun tagogi, waɗanda a littafinku an riga an gyara.

A satin farko Dije mai nono ta zo ta ga katako da jan rubutu. Ta sauke ƙwaryarta ta shigo ta zaure tana salati, tana yi mini gaisuwar rashi, tana cewa me ya sa ba a aika ruga an faɗa musu ba. Da ƙyar na shawo kanta na kai ta ta gani da idonta.

Na biyar. Na san tambayar da ke bakinka, domin ita ce a bakin duk wanda ya ji labarin: me ya hana ki cirewa? Guduma ba ta yi wuya a garin nan ba. Ɗana ya ɗauko ta tun yammacin ranar, ni na riƙe masa hannu. Dalilina biyu ne.

Ɗaya, katakon ba nawa ba ne. A ƙarƙashin lambar an rubuta kayan kwamiti ne, kada a taɓa. Na aika aka tambayo mini liman, ya ce amana ce a jikin bangonki, ki nemi izinin masu ita, ai abu ne na yini guda. Allah Ya ba malam lada, bai taɓa zuwa ofishinku ba.

Na biyun shi ne mai nauyi. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce an gaya musu masu bincike za su zo daga sama su ƙirga katakon jikin kowane gida, su gwada da hoto. In aka samu gida ɗaya ya cire, za a ce unguwar ba ta da buƙata, a soke ta gaba ɗaya daga jerin masu samun sababbin tagogi. Ban gan shi a rubuce ba, ban san ko haka dokar take ba, amma haka aka faɗa mana. Maƙwabcina Malam Sule iska ta bar shi ba taga ko ɗaya, ga ƙananan yara cike da gida. Matarsa ta shigo har ɗakina ta durƙusa ta ce: “Yaya Saude, ki rufa mana asiri ki ƙara haƙuri, an ce sun kusa.” To ka ga inda aka ajiye ni. In na buɗe wa uwata, na rufe wa maƙwabta. Masu binciken kuwa kullum suna hanya. Ko a ƙafa suka taso daga Legas, ya ci a ce sun iso.

Na shida, zuwana ofishinku.

Sau uku na zo. Zuwan farko aka ce ka tafi ɗaurin aure Madobi, Allah Ya ba su zaman lafiya. A na biyu na samu sakatarenka, mutumin kirki, ya ba ni kujera har da ruwan sanyi. Ya buɗe babban littafi ya bi da yatsa, ya ce: “Hajiya, lamba sha bakwai ai an gama muku. Ga hoto ma.” Na ce ban je Makka ba tukuna, kuma wannan hoton tagar da ba ta lalace ba ce. Ya ce takardar koke gurbi biyu gare ta, na wanda ba a yi wa aiki ba, da na wanda aikinsa ya samu tangarɗa. Wanne zai cike mini? Na ce an yi mana aiki, kuma yana nan daram. Ya yi murmushi ya ce: “To alhamdu lillahi, ai ke ba ki da matsala.” Na fito ina ta tunani a mota har na sauka, na kasa gano inda ya yi ƙarya.

Zuwa na uku shi ne nake nadama, kuma laifin bakina ne. Wajen sati na shida, ruwa da rana da suka yi ta dukan katakon sun sa biyu na tsakiya sun ɗan lanƙwashe, wata 'yar tsaga ta buɗe tsakaninsu, ba ta kai faɗin yatsa ba. Wani siririn haske kamar zare ya riƙa shigowa. Inna ce ta fara ganinsa. Kwana uku tana binsa da ido, ta sa na matsar da tabarma, ta ajiye ludayi a inda yake sauka da la'asar, har ta sake haɗa lissafinta. Ta koma cin abinci. Ta ma koma yi wa Rabi tsiya a kan gishirin miya, wanda a gidanmu shi ne alamar lafiyarta. Da na zo ofis, sakatare ya tambaye ni yaya jikin tsohuwa, ni kuma na faɗi gaskiya: da sauƙi, katakon ya ɗan buɗe, haske na shiga. Sai na ga fuskarsa ta washe, ya jawo biro, ya ce yanzu ne maganata ta samu gurbi.

Ranka ya daɗe, ba a yi kwana biyu ba aka turo kafinta. Wannan karon ma ina shanya, wannan karon ma bai shiga ba. Ya kawo sabon katako ya ɗora a kan tsagar, ya ƙara ƙusa shida. Har ya bar saƙo a shagon kusa da mu, a ba ni haƙuri bisa sakacin aikin farko, ba za a sake ba. Ya cika alkawari. Ko allura ba za ta samu hanya ba yanzu. Ludayin yana nan inda ta ajiye shi, ta hana a ɗauke.

Ni ba mai zurfin karatu ba ce. Abin da na karanta a allo aka kuma fassara mana shi ne, a yi sallama a nemi izini kafin a shiga gidan mutane. Ban ji inda aka ce in ba a shiga ba a yanke wa masu gida hukunci daga bayan katanga. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga alama a wajenku mai takarda ne ya sani.

Ga abin da nake roƙo, ba shi da yawa.

Ɗaya: izini a rubuce, da sa hannunka, in cire katakon tagar Inna. Ba zan sa shi a murhu ba, duk da masu turara kullum cikin neman abin ƙonawa muke. Zan jera shi a zaure lambarsa na kallon sama, in ƙulle ƙusoshin a ƙyalle, duk ranar da masu bincike suka iso su ƙirga kayansu. In ma ka yarda a mayar da shi kan tagogin da suka ɓalle, sai ya zama karon farko da zai yi aikin da aka sayo shi dominsa.

Biyu: a rubuta a fili cewa cirewar ba za ta shafi Malam Sule da sauran unguwa ba. In dole sai an soke wani, a soke ni. Na saba da buhu da leda.

Uku: nan gaba in za a shiga unguwa a sanar tun da wuri, ko a tafi da mace ɗaya cikin ma'aikata. In babu, a aika a kira babbar gidan. Filin shanya ba nisa, kuma mun kai shekarun da za mu sa hijabi mu nuna wa kafinta taga ba tare da sama ta faɗo ba.

Ba na neman a hukunta kowa. Yaran nan abin da aka ba su a takarda suka yi, kuma sun yi shi da ƙarfinsu.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka, Ya shirya maka zuri'a. Allah Ya sa ka tsufa a hannun 'ya'yanka, a ɗaki mai iska da haske, Ya kuma kiyaye ka daga agajin da ba ka nema ba.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi damuna. Tun da aka kafe tagar, duk shigar da na yi ɗakin, kafin in ajiye kwano Inna za ta kamo bakin zanina ta ce: “Rana ta kai ina?” Har nakan gaji da tambayar, Allah Ya yafe mini. Yau kwana biyar ke nan ba ta yi ta ba. In na nuna mata lokaci ya yi, ta ce to. In ban nuna ba, ba ta nema. Ta juya fuskarta bango, abincin ma sai an yi da gaske. Na san ajali ba a hannun kwamiti yake ba, kuma ba zan ɗora muku abin da yake na Allah ba. Amma kwanakin da suka rage mata, masu yawa ne ko kaɗan, ina so ta ga wucewarsu da idonta.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka ba ni amsa cikin satin nan.

Wassalam.

Saude mai turara shinkafa,
unguwar bayan kanal.